Allurar Tayar da Sinadarin Girma: Me Take Yi, Wa Kuma Take Yi wa Amfani?

Akwai wata tambaya da ke yawan zuwa mana daga kwamitocin lafiya na Unguwar Lalle da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, yawanci daga bakin samarin da ke zuwa ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal. Sun ga talla a wayoyinsu, a Facebook da TikTok, game da wata allura da ake kira feftayid. Masu tallar suna cewa allurar ba ta zuba wa mutum baƙon sinadari, tana tashin jikinsa ne kawai ya fitar da nasa sinadarin girma da kansa, don haka wai ba ta da illa. Ramamme zai murmure, tsoho zai koma saurayi, mai yawan gajiya zai sami kuzari, wasu ma har suna cewa gajere zai ƙara tsawo. Tambayar da ake yi mana ita ce, ko gaskiya ne, kuma ko ya kamata mutum ya aika a sayo masa.

Mun ga ya dace mu amsa a nan dalla-dalla, domin kuɗin da za a kashe a kan irin wannan allura kuɗin hatsi ne a gidaje da yawa. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin magungunan suna nan, kuma suna sa sinadarin ya ƙaru a cikin jini. Sai dai idan aka duba su wane ne ke fama da rama da kasala a yankinmu, da abin da ya jawo musu hakan, za a tarar cewa kusan babu ɗaya daga cikinsu da wannan allura za ta yi wa magani.

Yadda jiki ke yin nasa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci can ciki, akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. Likitoci suna kiranta fituwitari. Ita ce ke yin sinadarin girma ta zuba shi cikin jini, kuma ita ce ke ba da umarni ga wasu sassan jiki da ke kula da nonon uwa da jinin al'ada da ɗumin jiki da ƙarfin jure wa ciwo. Za mu komo kan wannan, domin shi ne ya fi shafar matanmu.

Fituwitari ba ta sakin sinadarin girma yadda ta ga dama. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samanta yana aiko mata da 'yan aike biyu. Ɗaya yana cewa a buɗe rumbu, sunansa GHRH, an gano shi a 1982. Ɗayan yana cewa a rufe, sunansa somatostatin, an gano shi a 1973. Sa'an nan akwai na uku da ke fitowa daga tumbi lokacin da mutum ke jin yunwa, wato ghrelin, wanda masana a ƙasar Japan suka gano a 1999. Saboda wannan buɗewa da rufewa, sinadarin yana fita ne a tsitstsinke, ya fito ya ɗauke, kuma kaso mafi yawa yana fita da dare, jim kaɗan bayan mutum ya shiga barci mai nauyi. Idan ya shiga jini sai ya isa hanta, ita kuma hanta ta yi wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda shi ne ke yin mafi yawan aikin gina ƙashi da tsoka.

A jikin yaro, aikinsa tsawo ne. A jikin babba kuwa, yana taimakawa wajen riƙe tsoka da ƙarfin ƙashi, yana ƙona kitse, yana kuma hana sukarin jini faɗuwa lokacin da babu abinci a ciki. Ya fi yawa a lokacin balaga, daga nan sai ya riƙa raguwa a hankali, wajen kashi 14 cikin 100 a kowace shekara goma. Wannan raguwa haka halittar kowa take, kamar furfura.

Mene ne feftayid

Nama da wake da nono da ƙwai suna ɗauke da ƙananan tubala da ake kira amino asid. Idan aka jera su kamar tsakiya a zare, gajeren jeri shi ne feftayid. Sinadarin girma kansa jeri ne na tubala 191. Ɗan aiken da ke cewa a buɗe rumbu yana da 44. Masana suka lura cewa 29 na farko sun isa su isar da saƙon, sai suka kwaikwaye su a ɗakin gwaji, suka kira abin sermorelin. Wasu kuma suna bi ta ƙofar da ghrelin ke bi, kamar GHRP-6 mai tubala shida, wanda Cyril Bowers na Amurka ya ba da rahotonsa a 1984, da ipamorelin mai biyar. Akwai kuma CJC-1295 da tesamorelin. Waɗannan su ne sunayen da samarinmu ke gani a talla. Dukansu 'yan aike ne na haya. Ba su ɗauke da hatsi, suna zuwa ne su ƙwanƙwasa ƙofar mai rumbu su ce ya buɗe.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sermorelin a 1997 domin yaran da ke da ƙarancin sinadarin, amma kamfanin da ke yinsa ya daina a 2008. Ta amince da tesamorelin a 2010 domin abu guda tak, wato rage kitsen da ke taruwa a cikin cikin wasu masu ɗauke da ƙanjamau da ke shan magani. Ipamorelin da GHRP-6 da CJC-1295 kuwa ba su taɓa samun amincewarta a matsayin maganin wata cuta ba. An ma dakatar da gwajin CJC-1295 a 2006 bayan ɗaya daga cikin waɗanda ake gwada shi a kansu ya rasu, ko da yake an danganta rasuwar ga ciwon zuciya da yake da shi. Hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta su duka ga 'yan wasa.

Abin da bincike ya nuna

Asalin wannan kasuwa ya faro ne daga wani bincike da Dakta Daniel Rudman ya wallafa a Amurka a 1990. Ya ɗauki tsofaffi maza 21 masu shekara 61 zuwa 81, ya yi wa 12 daga cikinsu allurar sinadarin girma kansa har wata shida. Nauyin jikinsu wanda ba kitse ba ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, kitse kuma ya ragu da kashi 14. Bai auna ƙarfinsu ba, bai kuma bi su shekaru ya ga ƙarshen abin ba. Duk da haka 'yan kasuwa suka ɗauki wannan ɗan rahoto na mutum goma sha biyu suka yi ta sayar da maganin hana tsufa da shi, har sai da mujallar da ta buga shi ta fito a 2003 ta gargaɗi jama'a game da yadda ake amfani da sunanta.

A 2007 masana na Jami'ar Stanford suka tattara binciken da aka yi a kan tsofaffi masu lafiya da aka yi wa allurar. Abin da suka samu shi ne kitse ya ragu da wajen kilo biyu, sauran jiki ya ƙaru da wajen kilo biyu. Tare da haka, waɗanda aka yi wa allurar sun fi sauran samun kumburin ƙafa da hannu, da ciwon gaɓoɓi, da dindiris na yatsu, da kumburin nono ga maza, kuma sukarin jininsu yakan nemi hawa. Wani ɓangare na nauyin da ya ƙaru ma ruwa ne da jiki ya riƙe.

Masu talla za su ce ai wannan allurar sinadarin ce kai tsaye, tasu kuwa tashin jiki take yi. To an gwada wannan hanyar ma. A 2008 Jami'ar Virginia ta ba da rahoton mutum 65 masu shekara 60 zuwa 81, inda aka ba wasunsu wata ƙwaya mai suna MK-677 da ke ƙwanƙwasa ƙofar da ghrelin ke bi. Sinadarin girmansu ya koma kamar na matasa, nauyin jikinsu wanda ba kitse ba ya ƙaru da wajen kilo ɗaya, amma ƙarfinsu bai ƙaru ba, iya aikinsu bai sāke ba, sukarin jini kuma ya ɗan hau. A ganinmu wannan shi ne awon da ya dace da manomi. Idan maganin bai sa ka ƙara kunya ɗaya a gona ba, lambar da ta hau a takardar gwajin jini ba ta yi maka komai ba.

Akwai kuma cutar da ke kama mutum idan sinadarin ya yi yawa a jikinsa shekara da shekaru. Haɓa ta yi tsawo, yatsu da ƙafafu su yi kauri, zuciya ta kumbura, ciwon sukari da hawan jini su biyo baya. Wanda aka taɓa samu da ciwon daji kuwa, likitoci suna hana shi duk abin da zai ƙara IGF-1, domin sinadari ne mai sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa.

Maganar tsawo

Mun san dalilin da ya sa wasu samari ke damuwa da tsawo. Sanarwar ɗaukar kuratan soja ta shekarun nan tana neman namiji ya kai mita 1.68, kuma akwai waɗanda aka mayar gida saboda 'yan santimita kaɗan. Amma dogon ƙashi yana girma ne daga wani faifan guringuntsi da ke kusa da ƙarshensa, kuma wannan faifai yana zama ƙashi ya rufe a ƙarshen balaga, ga mata wajen shekara 14 zuwa 16, ga maza wajen 16 zuwa 18, wani lokaci ya ɗan wuce. Da zarar ya rufe, babu allura ko ƙwaya ko saiwa da za ta buɗe shi. Duk wanda ya ce zai ƙara wa mai shekara 25 tsawo, kuɗinsa yake nema.

Jikin mai yunwa

Yanzu bari mu juyo gida. Kowa ya san abin da ya sami wannan yanki. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. Tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetara iyaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. An kore dabbobi, an bar gonaki na nesa babu noma, a wasu wurare sai an biya haraji kafin a shuka ko a girbe. Gidan da a da ake dama fura da nono kullum, yanzu da ruwa ake damawa. Saboda haka idan muka ga magidanci ya rame, ko mai shayarwa ta zama ƙashi da rai, ba sai mun je nesa neman dalili ba.

Ga abin da masu talla ba sa faɗi. Jikin mai yunwa ba ya rasa sinadarin girma, ya ma fi na mai ƙoshi yawansa. Tun a shekarun 1960 likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka auna jinin yara masu tamowa irin mai kumburi, suka tarar sinadarin ya yi sama ƙwarai, kuma yana sauka ne bayan an ba su abinci mai gina jiki. An sami irin wannan a jikin manya masu yunwa. Dalili kuwa shi ne, idan abinci ya yanke, hanta takan toshe kunnenta ga sinadarin girma, ta rage yin IGF-1, domin jiki ya daina gini ya adana abin da ya rage don numfashi da bugun zuciya. Ƙwaƙwalwa kuma da ta ga aiki ya tsaya sai ta ƙara aika saƙo. Kamar mai gona ne da ya kira gayya yana ta shela, alhali babu tuwon da za a ba mutane. Kawo maroƙi na biyu ya taya shi shela ba zai sa a yi noma ba. Wasu daga cikin feftayid ɗin ma, irin su GHRP-6, suna ƙara wa mutum jin yunwa. A gidan da abinci bai isa ba, wannan ƙarin azaba ne da aka saya da kuɗi.

Haka abin yake ga yara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar Sakkwato kuwa sun haura rabi. Fituwitarin waɗannan yara lafiyarta ƙalau. Abin da ya hana su tsawo shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki da gudawa da zazzaɓin cizon sauro da ke komowa a kai a kai, musamman a cikin kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Saurayin da aka mayar gida daga wurin ɗaukar soja, sau da yawa a waɗannan kwanaki ne ya rasa santimitocin da yake nema yanzu.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga abin da ke aiki da idonsu. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma akasarinsu a gida uwa ke ba su maganin. Maganin kuwa haɗi ne na gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin a cikin 'yar leda, irin wanda muke gani yau a asibitocinmu. Babu sinadarin girma ko ɗigo a cikinsa. Yaran suka ci, hantarsu ta koma aikinta, suka murmure. Shi ya sa muke nanata wa ƙungiyoyin mata batun wake da gyaɗa da ƙuliƙuli da awara da zogale da busasshen kifi a cikin kunun yara, muna kuma roƙon kada a sayar da ledar tamowa a kasuwa ko a raba wa sauran yaran gida.

Barci ma yana cikin lissafi, tun da da dare ne sinadarin ya fi fita. Mutanen da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ko suke kwana a daji su komo gida da asuba, sun rasa wannan ma, kuma babu kemis ɗin da ke sayar da shi.

Matan da jini ya zuba musu

Shin babu babba da ke da ƙarancin sinadarin girma na gaskiya? Akwai. Ƙari a cikin fituwitari yakan jawo shi, haka mummunan rauni a ka, irin na hatsarin babur ko duka. Amma a ƙasashe irin namu akwai wata hanya da ta fi shafar mata, kuma mun daɗe muna ganin alamunta ba tare da an kira sunanta ba.

A lokacin goyon ciki, fituwitarin mace tana kumbura har ta kusa ninka girmanta, domin tana shirin kawo nono. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har jininta ya faɗi ƙasa, jinin da ke ciyar da wannan 'yar halitta yakan yanke, wani ɓangarenta ko dukanta ta mutu. Wani likita mai suna Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a birnin Glasgow a 1937, shi ya sa ake kiran cutar da sunansa. A Turai ta zama abin da ba a cika gani ba saboda kula da haihuwa. A wajenmu tana nan. A 1991 likitoci a Yamai sun wallafa rahoton mata 40 da suka samu da ita, matan karkara da suka haihu babu ma'aikacin lafiya a kusa. Binciken 2018 da muka ambata ya nuna wajen tara cikin goma na haihuwa a jihar Sakkwato a gida ake yinsu, tun ma kafin hanyoyi su ƙara lalacewa da tsaro.

Alama ta farko ita ce nono bai zo ba bayan haihuwar da aka sha wuya. Ta biyu, an yi arba'in, an yi shekara, an yi biyu, jinin al'ada bai komo ba, kuma babu ciki. Daga nan gashin hammata da na gaba ya zube, fata ta bushe ta yi fari-fari, mace ta riƙa jin sanyi ko a bazara, jiri ya ɗebe ta idan ta miƙe, daka da ɗebo ruwa su gagare ta. Abin yana zuwa a hankali, har wasu sukan yi shekara goma ko fiye kafin a gane. A cikin wannan lokaci za a ce mata raguwa, za a ce iskoki ne, za a ce kishiya ce ta yi mata asiri, wata ma aurenta ya mutu saboda ta daina haihuwa. Jaririn da bai sami nono ba kuwa, shi ne na farko a layin tamowa.

Wannan mace tana da ƙarancin sinadarin girma na haƙiƙa, kuma ita ce feftayid ba zai yi wa komai ba. Ɗan aike zai ƙwanƙwasa ƙofa, amma mai rumbun ya rasu. Ban da haka, sinadarin girma ba shi ne abin da ya fi gaggawa a gare ta ba. Abin da zai iya kashe ta shi ne rashin sinadarin da ke taimakon jiki jure wa ciwo, domin zazzaɓi ko gudawa da wata za ta warke cikin kwana uku, ita sai ta suma, jininta da sukarinta su faɗi. Maganinta ƙwayoyi ne guda biyu da ba su kai allurar talla tsada ba, hydrocortisone da levothyroxine, amma dole likita ne zai auna jini ya tsara su, domin akwai wanda ake fara ba da shi kafin ɗayan, kuma sha ne na tsawon rai. Irin wannan gwaji ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Sai a fara daga babban asibitin Sabon Birni ko na Isa a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A sani kuma cewa ɗibar jini sau ɗaya ba ya nuna ƙarancin sinadarin girma, tun da fitarsa a tsitstsinke take. Akwai gwaji na musamman da ake yi a gaban likita, saboda haka wanda ya duba fuskarka ko hotonka a waya ya ce sinadarinka ya ragu, hasashe yake yi.

Rigakafin cutar shi ne tsayar da jinin. Tun 2013 jihar Sakkwato ta fara raba ƙwayar misoprostol a cikin al'umma domin matan da ke haihuwa a gida. A 2017 wani babban bincike da ya haɗa da asibitocin Najeriya ya nuna allurar tranexamic asid tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa. A 2023 kuma aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai awo da ke tara jinin, domin a gane da wuri idan ya wuce kima, a haɗa mata magungunan gaba ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Abin da ke cikin kwalba

Ko da a ce allurar tana da amfani, akwai tambayar abin da zai iso hannunka. Feftayid gari ne a cikin 'yar kwalba da ake dama shi da ruwa na musamman, kuma bayan an dama sai an ajiye shi a firiji. Ku tuna zafin watan Afrilu a nan, ku tuna halin wutar lantarki, ku tuna kwanakin da kaya ke yi a bayan mota daga Legas. Yawancin waɗanda ake sayarwa ta waya an rubuta a jikinsu da Turanci cewa na bincike ne kawai, ba don jikin ɗan Adam ba, wato mai sayarwa ya riga ya wanke hannunsa. A nemi lambar NAFDAC a jikin kowane magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma manya a Nijar ba su manta da jabun allurar sanƙarau ta 1995 ba. Allura ce kuma ta kullum, a wurin da sirinji ɗaya kan zagaya mutum biyu ko uku, ga ciwon hanta da ƙanjamau da ƙurji.

Tsoronmu ma shi ne sabon suna zai hau kan tsohuwar haja. Mun daɗe da sanin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda ake ba amare kafin biki. Yawanci dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Fuska ta yi tantsan, ciki ya fito, a ce amarya ta yi kyau, alhali kallon kitse ake yi wa rogo. Ruwa ne da kitse, tsoka kuwa narkewa take yi, ƙashi yana rauni, hawan jini da ciwon sukari suna shigowa, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Ga yaro mai tasowa kuma, dexamethasone yana hana tsawo ne. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, domin hakan ma hatsari ne. Ta je asibiti da kwalin maganin a rage mata sannu a hankali.

Ramar da ba ta yunwa ba kuwa, tana da sanannun dalilai da ake iya ganowa a nan kusa. Tarin da ya wuce mako biyu tare da zufar dare yana bukatar gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari suna bukatar awon sukari. Akwai ƙanjamau, akwai tsutsar ciki, akwai ƙarancin jini, akwai kuma baƙin cikin da ke hana mutum ci da barci bayan ya rasa nasa ko ya biya kuɗin fansa.

Muna roƙon ungozomomi da shugabannin ƙungiyoyin mata da kwamitocin lafiya su taimaka da abu guda kafin zagayenmu na gaba. A kowace unguwa a bincika cikin sirri, mace da mace, ko akwai wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, nononta bai zo ba, al'adarta kuma ba ta komo ba, ko da shekara nawa ke nan da faruwar abin. A yi magana da maigidanta cikin ladabi, a gaya masa cuta ce mai suna kuma mai magani. Idan za ta tafi asibiti, ta tafi da wadda ta ga haihuwar da idonta domin ta ba likita labari, ta riƙe katin awon ciki idan tana da shi, da kwalin duk maganin da take sha.